Cindon Gidan Jatau

Rana ta take tsaka a Kaura Namoda, irin zafin da kaza ma kan buɗe baki tana haki, amma Mardiyya na durƙushe a tsakar gidan baffanta Dogo tana dirzar tulin wankin da babu ko ɗankwalinta a ciki. Tun da sassafe ta ɗebo ruwa, ta yi surfe, ta share turken awaki, har yanzu ko koko bai shiga bakinta ba. Hannatu, matar baffan nata, tana kishingiɗe a inuwar dogonyaro tana fifita da faifai, sai ta ɗago kai ta ce, "Ke tsintacciya, in kin ƙare ga tukwane can suna jiran ki."

Mardiyya ta ce, "To, Inna," ta sunkuyar da kai, hawaye suka ɗiga cikin kumfar sabulu. Allah sarki, marainiya! Aikin bai taɓa sa ta kuka ba, kalmar nan ce take sukar ta kamar ƙaya.

Ga yadda abin yake. Mahaifinta Hafizu da mahaifiyarta sun rasu a Gurbin Bore a shekarar da amai da gudawa ya shiga gari, tana jaririya ko arba'in ba ta yi ba. Kakarta ta wajen uba, Mairama, ita ta goyo ta ta rene ta. Da zaman ƙauye ya gagara saboda 'yan bindiga, idon tsohuwar kuma ya mutu, sai suka dawo gidan babban ɗanta Dogo, direban motar hatsi wanda ya fi kwana a hanya bisa ga gida. Hannatu ta ba su ɗakin da ke jikin turke, ta kuma sami baiwar da ba ta saya ba.

Duk da haka zaman yana tafiya, sai da Kamalu ya shigo. Saurayi ne mai natsuwa, yana auna hatsi a rumfar kakansa Malam Maccido, kuma Hannatu ta daɗe tana yi wa 'yarta Firdausi tanadinsa a zuci. Ranar da ya aiko a yi masa sallama, ta yi wa Firdausi kwalliya har da jan baki, sai ɗan aiken ya ce ai Mardiyya ake kira. To fa! Daga ranar Hannatu ta ɗauki mayafi ta shiga gidaje, tana rantsuwa cewa jinjirar Hafizu ta bi iyayenta tun a rumfar masu jinya, tsohuwa ce da baƙin ciki ya ruɗa ta ta ɗauko 'yar wata matar da ba a san daga inda ta fito ba. Ƙarya kuwa in ta sami bakin da ya iya ta, ko ruwa ba ya kai ta gudu. Ba a jima ba mata suka fara nuna Mardiyya da baki a bakin famfo, Dogo ma da aka yi ta zuba masa a kunne ya ce shi ba zai yi walicci kan abin da yake shakka ba. Daga gidan su Kamalu kuma aka aiko cewa Malam Maccido zai zo yau bayan la'asar ya janye maganar.

Duk wannan Mardiyya ta ɓoye wa kakarta, don kada hawan jininta ya tashi. Sai dai wanda ya rene ka ba ya bukatar ido kafin ya gan ka. Da ta shiga da kwanon fura da azahar, tsohuwar ta miƙa hannu ta shafa fuskarta, ta ji ta a jiƙe.

"Mi na na? Wa yat taɓa min ke?"

Nan haƙurin yarinya ya ƙare. Ta faɗa jikin kakarta tana shessheka. "Kaka, ki hwaɗa min gaskiya don Allah... ni ɗiyar wa ce? Sun ce tsinto ni kinka yi, kakan Kamalu ma yana tahe bayan la'asar ya janye magana. In haka na, na yahe Kamalu, amma ki hwaɗa min in san kaina."

Mairama ta gyara zama. Sannan ta lalubo hannun hagu na jikarta ta riƙe, tana murza gefen ƙaramin yatsa da babban yatsanta, kamar yadda ta saba yi tun yarinyar tana zanen goyo.

"Tsintuwa? Ni da nib binne cibiyarki bayan ɗaki da hannuna? Ke kam kin wahal da ni, ja'ira. Ba ki hi ƙullin goro nauyi ba sa'ad da uwarki tab bar min ke, ga kuka awa an kunna jiniya. Nono babu, sai wata jar akuya da ni ka tatsa in dahwa, in ɗiga miki da tsinken auduga. Akuyar nan har gane kukanki takai, ta zo bakin ɗaki ta tsaya. Kowa yaz zo gaisuwa sai ya kalle ki ya ce, Mairama ki yi haƙuri, wagga ma ba zama za ta yi ba. Ni kau in ce, ku dai ku tahi, ni da Allah mun yi magana. Ran da kinka hwara haƙori kin cije ni a kahwaɗa, har yau ga wurin. Ran da kinka taka ƙahwa kuwa na yi guɗa ni kaɗai cikin gida, maƙwabta sunka sheƙo suna zaton na zare." Ta yi dariya, hawaye na bin ramukan kumatunta. "Share idonki. In la'asar ta yi, ki kama min sanda ki kai ni zaure."

Mairama mace ce ta mutanen da, masu kunya kamar ta kashe su. Tun da aka kai ta ɗakin marigayi Jatau ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai ta ce "mai gidan nan", ko bayan rasuwarsa ta ce "wanda ya riga mu". Zaure kuwa, in maza na ciki, ko inuwarta ba ta giftawa. Shi ya sa da aka ji ƙwanƙwasar sandarta, Malam Maccido da Dogo da Kamalu duk suka ɗago a razane. Hannatu ma ta lallaɓo ta laɓe a bakin ƙofa, don ba ta son a ba ta labari.

Bayan an gaisa Malam Maccido ya gyara murya. "Hajiya, ba don wulaƙanci muka zo ba. Yarinya ba ta da aibi ga halinta, amma aure sai da asali."

"Gaskiya kac ce, Malam. Ka ba ni aron kunnenka, yau tsohuwa za ta zubda kunyarta a zaure." Ta zauna a gefen tabarma, ta jawo Mardiyya kusa. "Sa'ad da ni ka budurwa, ni ka kai hura kasuwar Shinkahi ran Alhamis. Kada ku ga na koma haka, wallahi lokacin in na aza ƙwarya na taho, masu awo har mudu su ka ɓatawa. Akwai wani saurayi ja, dogo, da ka zuwa ya sayi hura ko ba ya jin yunwa. Kullum hannu guda ya ka miƙowa, na hagu yana cikin riga. In zai ɗauki buhu ma sai ya naɗe shi da ƙyalle. Da yaz zo zance gidanmu yana ta in'ina, nic ce mai, ni ba ni auren mai ɓoyon hannu, ko ɓarawo na ko kuturu."

Kamalu ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Malam Maccido kuwa ya tsura mata ido, bakinsa a ɗan buɗe.

"Bawan Allah yay yi sati bai dawo ba, ni kau na bi na rame, ina ta cizon yatsa kan bakina. Da yad dawo, sai yaz zaro hannun a hankali awa mai hidda abin sata. Ashe cindo gare shi, yatsa na shida ya leƙo gehen ƙaramin. Tun yana yaro yara ka yi mai waƙa, har yat tsani hannunshi. Yac ce, ga shi kin gani, in tahi? Ni kau nik kama hannun nan gaban ƙannena, abin da budurwa ba ta yi, nic ce kowa biyar anka ba shi, kai Allah ya yi maka gyara. Ranan nan ya yi kuka, namiji guda. Yar roƙe ni alƙawali biyu: kada in hwaɗa ma kowa, kuma duk ɗan da yaz zo da shi in raba shi da shi tun yana jinjiri, kada a yi mai waƙa. Kahin biki wanzami yac cire mai nashi." Ta ɗaga fuska sama. "Na riƙe maka shekara da shekaru... yau dai ka yahe min, Jatau."

Dogo, da furfura a gemunsa, bai taɓa jin sunan ubansa daga bakin uwarsa ba sai yau, tsigar jikinsa ta tashi.

"Dogo, miƙo hannunka na hagu."

"Inna, ai wanga tabon lauje na, ke kinka ce min..."

"Jinjiri ka yanka da lauje? Da shi anka haihe ka. Zare nis sa niɗ ɗaure har yab bushe yah hwaɗi, kahin suna. Ƙanenka ma haka. Wagga kuma," ta ɗaga hannun Mardiyya, "uwarta na kwance tana kallo niɗ ɗaure nata."

Ta haɗa hannayen biyu a kan cinyarta. Ga shi nan kuwa, ɗan tudu kamar ƙwayar dawa a gefen ƙaramin yatsa, hannu ɗaya, wuri ɗaya, kamar an auna.

Malam Maccido ya tafa hannu yana salati. "Jatau mai hannu a riga! Wallahi tare munka yi dako a Shinkahi. Mun yi ta tsokanarshi bai taɓa nuna muna ba. Ashe ke ce mai hurar da tas sa shi ya ƙare kuɗin dakonshi!"

Daga bakin ƙofa Hannatu ta kasa haƙuri. "Yo cindo a gidanku kaɗai anka hwara shi?"

Mairama ba ta ko juya ba. "Ba gidanmu kaɗai ba. Amma ki kira Firdausi ta miƙo nata. Ni niy yi miki wankan jego, kina kuka kina roƙona kada danginki su ji kin haihi mai yatsa shida. Kin san shi sarai, kuma kullum kina ganin shi ga hannun da ka wanke miki tukwane."

Hannatu ta sunkuyar da kai. Wato dai ba kuskure ta yi ba, tana sane ta gina raminta, ta kuwa gina shi da zurfi. Dogo ya tashi a fusace, ya ce ta haɗa kayanta ta tafi gidan iyayenta a garin Ɗan Isa, ba zai iya kallon fuskarta ba, kuma kafin ta tafi sai ta bi gidajen da ta shiga ɗaya bayan ɗaya ta kwance abin da ta ƙulla. Haka ta yi, mayafi a ka, ido a ƙasa, matan bakin famfo suna binta da kallo. Firdausi, wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ta rungume Mardiyya tana neman gafara kan laifin da ba nata ba.

Dogo ya durƙusa gaban 'yar ƙanensa yana hawaye. "Ɗiyata, na ci amanar Hafizu. Ki yahe min."

"Baffa tashi, don Allah. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar," in ji Mardiyya, ita ma tana kuka.

Malam Maccido bai bar zauren ba sai da aka sa rana. Ya ce gidan da aka riƙe alƙawari haka, ko a ƙafa sai ya zo neman iri.

Allah mai jin kukan maraya! Shekara ta zagayo, Mardiyya ta sauka lafiya a ɗakinta, aka ɗauko Mairama a mota don ta ga ɗan da idonta ba zai gani ba. Aka sa mata jaririn a cinya. Ba ta shafa kansa ba, ba ta shafa fuskarsa ba, hannun hagu ta fara laluba, sai ta tsaya cak, ta fashe da dariya tana hawaye.

"Ango ya dawo min, har da gyaranshi."

Kamalu ya ce daga bakin ƙofa, "Kaka, a kawo zare?"

Mardiyya ta sa hannu ta rufe ɗan yatsan. "Kaka, bari a kai shi asibiti in ya yi ƙwari, su san yadda za su yi. Amma a bar min shi ya kwan biyu tukuna, duk mai zuwa barka ya gani."

Tsohuwar ta kai ɗan hannun bakinta ta sumbace shi. "Ku bar shi a buɗe," ta ce. "Wanga kam ba ya shiga riga."