Jan Ɗigo a Hanyar Zakka

"Sauko! Sauko na ce, don ubanka!"

Rana tsaka, a kan hanyar Zakka zuwa Batsari. Direban Hilux ɗin bai gama ɗaga hannu ba, Jinjiri, ogan tawagar ɓarayin daji, ya ɗirka masa harsashi a ciki. Kamalu da Ikrima suka ja shi gefen gonar gero, suka yar yana roƙon ruwa. Labaran ya faɗa mazaunin direba. Tuƙi ne aikinsa, dā can makaniki ne a Safana.

"Ka duba ta?" in ji Jinjiri. "Babu tiraka, na'urar nan ta bin sawun mota?"

Labaran ya ɗan leƙa ƙarƙashin kujera. "Fes take, oga!"

Ya take totur.

A Batsari, wayar Alhaji Umar Faruk mai motar ta yi ƙara: gudu ya wuce ƙa'ida. Ya buɗe taswira, ya ga jan ɗigon motarsa ya saki titi ya nufi daji. Ya kira direbansa, shiru. Ko takalmi bai tsaya sakawa ba ya ruga wajen 'yan sanda.

Sau biyu Labaran na sauya hanya, sau biyu suna tarar da 'yan sanda a gaba. Ta-ta-ta! Gilashin baya ya watse! Da ƙyar suka sha, suka gangara wani busasshen rafi, motar ta mutu.

Jinjiri ya diro, idanu jajur. "Akwai infoma cikinmu."

Labaran ya duƙa ƙarƙashin sitiyari yana duba fis. Can bayan wayoyin wuta, wata 'yar fitila koriya na ƙiftawa. Tiraka! In ya faɗa, shi ne gawa, don shi ya ce fes take.

"Ikrima, wa ka kira ɗazu a bayan kuka?" in ji Jinjiri.

"Matata ce, oga! Wallahi Ma'u ce! Tambayi Yaya Labaran, ai ƙanwarshi ce!"

Jinjiri ya juyo kan Labaran. "Mi ka gani?"

Labaran ya miƙe a hankali, ya tare ƙofar motar da jikinsa. "Ni dai... ban san da wa ya yi waya ba."

Jinjiri ya miƙa masa bindiga. "To karɓi ƙarfe. Surukinka ne, kai za ka sallame shi."

Ikrima ya zube bisa yashi. "Yaya! Kai fa ka kawo ni harkar nan! Yaya, dubi Allah—"

Tau!

Labaran bai ko runtse ido ba, don oga na kallonsa.

Ba a yi minti biyar ba 'yan sanda suka buɗe wuta daga bakin rafin, hagu da dama. Kamalu ya faɗi da bindiga a hannu. Jinjiri ya yi taku uku, na huɗun a kife. Labaran ya kwanta rub da ciki yana ihun ya miƙa wuya.

Aka ɗaure shi tamau, aka jefa shi bayan motar 'yan sanda tare da gawa uku. A hanya suka tsaya aka ɗauki direban Alhaji, shi ma ya cika. Huɗu kenan. Duk ramin da aka faɗa, sai kan Ikrima ya bugi gwiwar Labaran.

Wani sajan ya juya gawar Ikrima da ƙafa. "Wannan ba harbinmu ba ne, a goshi yake. Wa ya yi shi?"

Labaran ya dubi gawar Jinjiri.

"Oga ne, ranka shi daɗe. Na roƙe shi, ya ƙi."