Goyon Rafin Kanya

Ku matso nan. Hansai, ajiye wayar nan ko in fasa. Kun dame ni da tambayar abin da ya sa keken marigayi Kawu Sallau yake rataye a zaure, ba a hawa, ba a sayarwa. To yau za ku ji. Amma wallahi duk wanda ya kai wa Yaya Saude maganar nan, babu ni babu shi.

Kawu Sallau gyaran injin ban-ruwa yake yi. Daga nan har ƙauyukan bayan dutse, duk fadamar da inji ya tsaya, shi ake aika wa. Babu hanyar burjin da bai sani ba. Ya san gangaren da tsakuwa ke zame taya, ya san hawan da dole mutum ya sauka ya tura. Jakar kayan aikinsa a gaba yake rataye ta, don haka kariyar baya kullum babu kowa. Ga shi da saurin cewa to. Tsohuwa, mai kaya, mai ciwon ƙafa, ko wa ya ɗaga hannu sai ya tsaya.

Shekarar da aka haifi 'yarsa Saude ce, tana wata biyar. Shekara tara suka yi da matarsa Lantana ba haihuwa kafin Allah ya kawo ta, to ku auna irin son da yake mata.

Ran nan ya gama aiki da wuri a Unguwar Barau. Maimakon ya bi babbar hanya, sai ya yanke ta Rafin Kanya, wai ya iso gida kafin la'asar. Kun san wurin. Dutse ta nan, dutse ta can, hanya ta gangara kwari kamar an zuba ta. Rana tsaka ce cur. Ba tsuntsu, ba iska. Ƙarar tsakuwa kawai a ƙarƙashin taya, ƙaras, ƙaras.

A bakin ruwa, gindin kanyar, sai ga mace a tsaye.

Doguwa, da lulluɓi. Ta ɗaura zanen goyo, ta tamke shi da majanyi, amma bayan nata a shafe yake. Ba komai a ciki.

Ya taka birki ya yi sallama. Ba ta amsa ba.

"Mai keke," ta ce, "za ka ba ni goyo?"

Ga ta a gabansa, amma muryar ta bayan kunnensa ta fito. Har ya waiwaya. Ba kowa.

Wani ne da nan zai gane. Kawu kuwa sai ya ce rana ce ta buge shi.

"Goyo? Ai ba komai, baiwar Allah. Na ba ki."

"Ka ba ni?"

"Na ba ki mana."

"Har zuciya?"

Ya yi 'yar dariya. "Har zuciya. Hau mu tafi."

Bai ji hawanta ba. Keken ko motsi bai yi ba. Suka ratsa ruwan, suka kama hawan da ko shi kaɗai ne sai ya sauka ya tura, amma ran nan feda na juyawa kamar a gangare. Sai ya ji sanyi a gadon bayansa, irin na randa. Ya sunkuyar da kai, ya saci kallon ƙasa.

Ƙafafunta na reto a gefen taya. Dunduniya a gaba, yatsu a baya.

 Ya nemi Ayatul Kursiyyu, ta ɓace masa ɓat. Bai tsaya ba, bai sake kallo ba, har ya kai kan tudu. Da ya waiwaya, kariya wayam.

Ya shigo gida yana haki, zai fara ba da labari ke nan, sai ya tarar da Lantana a tsakar gida, Saude a cinyarta, mata sun kewaye ta.

"Malam, yarinyar nan ta ƙi nono tun azahar. Ina daka tana bayana, sai na ji bayan nawa ba nauyi. Na ɗauka faɗuwa ta yi. Na shafa, ga ta nan. Ɗauke ta ka ji."

Ya ɗauka. Innalillahi. Kamar ya ɗauki ƙunshin auduga. Ido a buɗe, ba kuka, jiki sanyi ƙalau.

Inna Tabawa, yayar mahaifiyarsa, tana zaune a bakin rumbu tana kallonsa. Ta yafito shi.

"Ta ina ka biyo?"

"Rafin Kanya."

"Da ranar nan? Wa ka gani?"

Ya faɗa mata.

"Bar wannan. Me ta ce, da bakinta?"

"Cewa ta yi in ba ta goyo."

"Kai kuma ka ce me?"

 Ya dubi majanyin Lantana a yashe a ƙasa. Nan ya ji maganar tasa da kunnen wani.

"Kai Sallau, kai Sallau!" Inna ta dafe kai. "Wanda yake son a rage masa hanya cewa yake a goya shi. Ita goyo ta roƙa, sau uku, ka ba ta. Mutanen nan ba ruwansu da abin da ka nufa, abin da ka furta suke riƙewa. Tashi ka koma. In rana ta faɗi ba ku daidaita ba, shi ke nan."

Haba, ranar Kawu ya tuƙa keke! Tsakuwa na tashi, sarƙa na kuka. A gangaren farko ya zame, gwiwarsa ta fashe, bai ko duba ba. Da ya isa kwarin, rana ta jingina a kan dutse, ta yi ja.

Tana nan a gindin kanyar. Amma yanzu zanen bayanta ya ɗan tasa. Tana jijjiga shi a hankali, tana bubbugawa.

Ya sauka daga keken.

"Baiwar Allah, goyon keke na ba ki. Ba na gida ba."

"Ba ka ce na keke ba." Muryar ta sake fitowa ta bayansa.

"Ban kuma ce na gida ba."

Ta daina jijjigawa. Ruwan rafin ma kamar ya tsaya.

"Shekara tara," ya ce, hawaye na zuba. "Ki ji tsoron wanda ya yi ni, ya yi ki."

Ta juya ta dubi ruwan.

"Nawa goyon a ruwan nan ya tafi," ta ce. "Ba wanda ya tsaya." Sai ta nuna keken da haɓa. "Goyo ɗaya ka ba ni. Ko wannan na bayana, ko wancan. In wancan ne, nawa ne ni kaɗai. Bayan kekenka da bayanka. Ran da ka ɗora wani, na karɓi na fari. Ran da yarinyar ta ji labari, in na kira za ta amsa."

"Na yarda."

"Har zuciya?"

Wannan karon bai yi dariya ba.

Ta kwance majanyin. Zanen ya faɗo, ba komai a ciki. Ta hau kariya, sai da tayar baya ta nutse a yashi. Tura keken ya yi har gida, gumi sharkaf. Tun daga bakin zaure ya jiyo kukan Saude. Lantana ta ce daidai kiran magariba ta cafki nono.

To, kuna cewa an tsira ko? An tsira. Amma ku ji yadda aka biya.

Tun daga ranar Kawu bai ƙara goya kowa ba. Tsofaffi su ɗaga hannu, ya wuce kansa a ƙasa. Gari ya ɗauka, wai Sallau ya yi girman kai. Wannan duk mai sauƙi ne. Saude ta tasa, tana ganin ana kai 'yan'uwanta makaranta a bayan keke. Ta riƙe kariya tana kuka, "Baba ka goya ni, ko zuwa bakin rijiya." Sai ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ya hau ya tafi. Ran da kunama ta harbe ta a gona, maƙwabci ne ya goyo ta, uban na biye yana tura keke ba kowa a kai. Har gobe ba ta manta wannan ba.

Ina ɗakin ran da zai cika. Ya riƙe hannunta ya ce, "Saude, ko sau ɗaya ban goya ki ba."

Ta ce, "Na sani, Baba." Ba ta ɗago kai ba.

Ya buɗe baki zai ƙara magana. Sai ƙararrawar keken ta kaɗa a zaure, sau ɗaya. Ba kowa a zauren, ni na leƙa. Ya rufe bakinsa, bai sake cewa komai ba.

Inna Tabawa ce ta gaya mini sauran, don kada wani ya sauke keken. Gobe da safe ku duba da kanku. Sirdi ya yi ƙura, kan keken duk yanar gizo. Kariyar kuwa fes, kamar yanzu aka tashi daga kai.

Don haka kada in ji wani ya bi Rafin Kanya shi kaɗai, ko a ƙafa ko a keke. In kuwa wani ya roƙe ku abu a hanya, ku tambaye shi wanne yake nufi kafin ku ce kun ba shi.

Jibi Yaya Saude za ta zo da jaririnta. In ta tsaya a zaure ta harari keken nan, kamar yadda ta saba, ku kama bakinku.