Ƙarfen da Aka Hana Bugawa

Ruwan la'asar ya ɗauke, magariba ta kawo jiki, sai hazo ya sauko ya kwanta a kan kogin da ke bayan Godogodo. Arzika mai fito yana tsallake, ya kai masu citta. A irin wannan hazon tocila aikin banza ce, fari fat kawai take nuna wa mutum. Da kunne ake tuƙi. Shi ya sa ya rataye guntun ƙarfen dogo a bishiyar mashigi, 'yarsa Mero tana bugawa, shi kuma yana bin ƙarar har ya iso. Wanda ya kuskure hanya kuwa, ruwa ya ja shi ƙasa, inda duwatsu suke.

Ranar ya iso lafiya, sai dai kwalekwalen ya yi masa nauyi, alhali shi kaɗai ne a ciki. Ya ɗaure igiya, ya hau tudu. Mero ba ta daina bugu ba. Ya kira ta, ko waiwaye. Da ya riƙe hannunta, sai ya ji shi sanyi ƙalau.

Daga nan gida ya lalace. Duhu na yi sai jifa a kan kwano, da safe a tsinci tsakuwar kogi a jiƙe. Mero ta daina magana, ta daina ci. Uwarta Zamzam ta yi kuka har ta gaji, ta koma zama kawai tana kallonta. Wallahi gidan nan ko kaji sun yi shiru.

Aka ɗauko Malam Jamiluddeen daga Kafanchan, ya iso wani yammaci da hazon ya sake sauka. Ya zauna kusa da yarinyar ya yi ta karatu, har jikinta ya soma rawa.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

Muryar wani tsoho ta fito daga bakin Mero. "Baƙo ne. Ku kuka kira ni."

"Ƙarya kake. Wa ya kira ka?"

"Na daɗe a ɓace a kan ruwan nan. Na ji ƙarfe, na bi. Ba ɓatacce ake buga wa ba?"

Malam ya ƙara karatu, ya ce ya fita.

"Zan fita. Wanda ya kawo ni ya mayar da ni tsallake, yau, cikin hazon nan. Amma kada a buga. In na ji ƙarfe zan dawo, kuma ba zan ƙara sakinta ba."

Malam ya nemi a bari sai gari ya waye. Aljanin ya ce da rana ba shi da hanya. Aka yi juyin duniya, ya ƙi. Daga ƙarshe Malam ya rantsar da shi, sannan ya dubi Arzika.

Arzika ya ɗauki filafilinsa.

"Baban Mero, hazon fa," in ji Zamzam.

"Na gani. Ko me kika ji, kada a buga."

Aka riƙo Mero har mashigi. Ta yi atishawa, ta sulale ƙasa, kwalekwalen ya karkata kamar an hau. Arzika ya yi bismilla ya tura. Nan da nan hazo ya rufe shi.

Can Mero ta buɗe ido. "Mama, yunwa nake ji. Ina Baba?"

Kafin a ba ta amsa, muryarsa ta taso daga tsakiyar ruwa. "Mero! Zamzam! Ban ga komai ba!"

Yarinyar ta zabura za ta wajen ƙarfen. Zamzam ta cafke hannayenta biyu, ta zaunar da ita.

"Mama, Baba ne fa! Sake ni!"

Zamzam ba ta yi kuka ba, ba ta kuma sake ta ba. Muryar ta sake tasowa, wannan karon daga ƙasa, wajen duwatsu. Malam yana ta karatu a hankali. Haka ta riƙe hannun 'yarta, idonta a bushe, har kiran ya daina zuwa.