Amanar Teburin Tambaya

Ranar da Yazid ya fara aiki a laburaren kwalejinsu da ke Gusau, Sadiya ta same shi yana haɗa gumi. Wani ɗalibi ne ya ce yana neman littafin noma, shi kuwa sabon shiga ya ruga kantar littattafai ya kwaso duk abin da ya ga an rubuta noma a bayansa, ya tara a kan teburin tambaya har ba a ganin fuskarsa.

Sadiya ta danne dariyarta. Ta riga shi fara wannan aiki na ɗalibai masu taimaka wa ma'aikatan laburare, don haka ta dubi ɗalibin ta ce, "Wane ɓangare na noma? Me aka ce ka rubuta? Me ka riga ka duba?"

Ashe bawan Allah yadda ake hana wake yin ƙwari a rumbu yake nema. Ta buga kalmomi kaɗan a kwamfuta, ta rage sakamakon zuwa binciken da aka yi a Arewa, ta rubuta masa lambar littafi guda. Ya yi godiya ya wuce.

"Sai ka mayar da kayanka," ta ce da Yazid. "Kowanne a mazauninsa. Littafin da aka ajiye ba a gurbinsa ba, sunansa ɓatacce."

"Ranki ya daɗe, Malamata," ya ce yana sosa ƙeya.

Sunan da ya bi ta ke nan. Ita kuma ba ta sake kiransa da komai ba sai Sabon Shiga, ko bayan da ya ƙware har yana koya wa wasu.

Madam Rifkatu, shugabar sashen, ita ta damƙa shi a hannun Sadiya. Dokoki biyu ta ce a dasa masa a ka. Ta farko, tambayar da mutum ya fara yi sau da yawa ba ita ce ke cin sa ba, sai ka lallaba ka tono ta. Ta biyu, abin da mutum ya zo nema amana ne. Ba a faɗa wa aboki, ba a faɗa wa malami, kuma da ya tashi sai a goge tarihin bincikensa daga kwamfuta.

Sadiya ta koya masa duka biyun, ta kuma koya masa abin da ba ya cikin doka ba tare da ta sani ba. Tun suna gaisawa a bakin kanta, har ta kai in ranar aikinsu ba ta zo ɗaya ba, sai ta ji laburaren ya yi mata faɗi. Wani yammaci saƙonsa ya shigo:

"Malamata, na bincika ko'ina, na canza kalmomi, na faɗaɗa, na taƙaita. Sakamako ɗaya yake ba ni: ke. A ba ni izini in turo manya."

Ta karanta har ta haddace, sannan ta mayar: "Sabon Shiga, ka iya bincike yanzu. Gidanmu yana Karakkai, ba ya ɓata."

Manyansa suka taso daga 'Yandoto da goro da alewa, Malam Labbo mahaifinta ya karɓe su da mutunci. Amma ya ce, kamar yadda kowane uba zai ce, sai an yi bincike. Ya ɗora wa ƙanensa Baba Yusha'u na Bungudu wannan aiki.

Baba Yusha'u mutum ne da ba ya aike inda ƙafarsa za ta iya zuwa. Bai tsaya ga tambayar liman da maƙwabta ba, sai ya yi wa laburaren zuwan ba-zata, ranar da Sadiya take aji. Ya laɓe bayan kanta yana kallo. Abin da ya gani kuwa ya kusa tsayar masa da numfashi: 'yarsa ta cikinsa, Ummulkhairi, wadda ita ma take karatu a kwalejin, zaune kusa da Yazid a gaban kwamfuta tana sharɓar kuka, shi kuma ya karkatar da allon don kada kowa ya gani, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa.

Kafin rana ta faɗi magana ta isa Karakkai. An tsare Ummulkhairi da tambaya, ta ƙi cewa uffan sai hawaye. Shirun nan nata ya fi kowace shaida muni.

Aka kira Yazid. Sadiya tana bayan ƙyauren zaure tana saurare.

"Yaro," in ji Malam Labbo, "mi ah haɗinka da ɗiyar ƙanena?"

"Baba, wallahi babu komai tsakaninmu sai aiki. Bincike ta zo yi, na taimaka mata."

"Wane irin bincike na wanga da a ka kuka? Hwaɗa muna abin da tan nema, magana ta ƙare."

Yazid ya sunkuyar da kai. "Baba, ku gafarce ni. Amana ce. Ita kaɗai ke da ikon faɗa."

"Ka ji ko!" Baba Yusha'u ya daka tsawa. "Shina neman guda, shina lallaɓar guda, kuma cikin gida ɗai!"

Malam Labbo bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi tsoratar da Sadiya. Ya ce ya ba Yazid zuwa Juma'a. In ya faɗi gaskiya, to. In bai faɗa ba, a mayar wa mutanen 'Yandoto da goronsu, kowa ya kama gabansa.

Madam Rifkatu da kanta ta hau mota har Karakkai ta yi bayanin dokar aikinsu. Malam Labbo ya saurare ta, ya sa aka kawo mata fura, sannan ya ce, "Madam, mun gode. Amma dokar makaranta ba ta riƙe aure."

Sadiya ta rasa inda za ta sa kanta. Abinci ya ƙi shiga, karatu ya ƙi zama. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ita ta koya masa dokar nan da bakinta, yanzu ga ta tana so ya karya. Kuma ba za ta yi wa kanta ƙarya ba, kishi yana cinta. Me ya sa Ummulkhairi, wadda suka tashi a tabarma ɗaya, ta zaɓi ranar da ba ta nan? Ta rubuta masa:

"Yazid, don Allah ka faɗa mini ni kaɗai. Ba zan gaya wa kowa ba. Ina ji ina gani za a raba mu."

Da amsar ta zo, sai da ta zauna:

"Malamata, tun da aka yi maganar nan ban san ɗanɗanon komai ba. Ina son ki fiye da yadda na iya faɗa. Amma in na sayar da sirrin wata don in same ki, gobe da wane ido za ki ba ni naki? Ki yafe mini."

Ta yi wurgi da wayar kan katifa ta yi kuka mai isarta.

Washegari ita ce da aikin safe. Ta kunna kwamfutar teburin, sai ga wani ɗan saƙo a allon. Jiya da yamma, aka ce mata, Ummulkhairi ta sake leƙowa a gurguje, wuta ta ɗauke suna tsaka da dubawa, janareta kuma ya ƙi tashi, Yazid bai samu ya goge ba. Yanzu kwamfutar tana tambaya ko a dawo da shafukan da aka buɗe.

Dannawa ɗaya. Ba wanda zai sani. Aurenta yana bayan wannan ɗan akwatin.

Ta ɗora hannu a kan linzamin kwamfutar. Ta tuna duk waɗanda suka taɓa zama a kujerar nan suna raɗa mata abin da ba su iya faɗa wa iyayensu ba. Ta rufe ido, ta danna a'a, ta shiga ta goge tarihin kaf. Sannan ta kifa kai a kan teburin, don a ranta ta san ta goge hujjarta ta ƙarshe da hannunta.

Amma doka ta farko tana nan. Da ta tashi aiki ta shiga motar Bungudu.

Ta sami Ummulkhairi kwance a ɗaki, ta rame kamar wadda ta yi jinya. A hanya Sadiya ta tanadi maganganu masu zafi, amma da ta ga idanun nan sai suka bi iska. Ta zauna a bakin gado, ta yi irin muryar da take yi a teburi.

"'Yar'uwa, ban zo tambayar abin da ke tsakaninku ba. Me kika je nema?"

"Aikin aji ne... kan lafiyar mata."

"Wane ɓangare?"

Ummulkhairi ta kau da kai.

"Na wata ne, ko naki?"

Ummulkhairi ta tashi zaune. Ta kamo hannun Sadiya ta ɗora a gefen ƙirjinta na hagu. Ƙarƙashin yatsunta Sadiya ta ji wani ƙulli mai tauri kamar ƙwallon dabino. Ciwon dajin da ya ɗauke mahaifiyar Ummulkhairi ke nan, kuma daga nan ya fara.

"Tsoro nike ji, Sadiya. Baba bai warke daga rashin Inna ba. In na zo wurinki, fuskarki za ta tona ni a gida. Shi kuwa Yazid ya nemo mini bayanai, ya ce shi ba likita ba ne, aikinsa ya nuna mini ƙofa. Kullum roƙona yake in tafi asibiti. Ko jiya da na je ba shi haƙuri, bai ce in wanke shi ba. Sunan sashen da zan je ya sake nemo mini."

Sadiya ta rungume ta suka yi ta kuka. Ga amsar ta samu, amma ta zame mata kaya, don yanzu ita ma amanar ta hau kanta. Juma'a gobe ce.

"Ba zan faɗa ba," ta ce tana share ido. "Ko da auren zai tafi. Amma gobe da safe ni da ke sai asibiti, ko ina jan ki ne."

Haka aka yi. Suna kan bencin jira Sadiya tana kallon agogon bango, ta san a daidai lokacin ana ɗaure goro a Karakkai don a mayar 'Yandoto. Ummulkhairi ce ta kalle ta, ta kalli agogon, sannan ta zaro wayarta.

"Baba, ka taho asibiti Gusau. Akwai maganar da ni ɗai ka iya hwaɗa maka. Kuma don Allah ka ce ma Baba Labbo kada goron nan shi bar gida."

Likitoci suka ce an zo da wuri. Aka yi aiki, aka cire, aka ɗora ta a kan magani, sauƙi ya fara samuwa.

Ana cikin haka wata safiya Yazid ya ɗago kai daga kwamfuta ya ga Baba Yusha'u a layin ɗalibai, da hularsa da sandarsa, yana jiran a zo kansa. Yazid ya miƙe a rikice.

"Baba, me ake nema?"

Dattijon ya daɗe yana kallonsa, idanunsa sun kaɗa. "Gahwara nika nema, ɗana. Ka rufa ma ɗiyata asiri, ni ko na tona maka wanda ba ka da shi. Ban sani ba ko kuna aje irinta nan."

"Baba, ai ba ka yi komai ba sai abin da uba zai yi."

Bayan an kwashe gero aka ɗaura aure a Karakkai. Baba Yusha'u ne ya roƙi yayansa ya bar masa waliccin, kuma shi ya ba da auren da bakinsa. Madam Rifkatu ta zo da ɗaliban sashen gaba ɗaya, Ummulkhairi kuwa ita ce babbar ƙawa, tana zaune ana hana ta aiki tana ƙi.

Da aka kai amarya 'Yandoto, jama'a suka watse da la'asar, Yazid ya shigo ya zauna nesa kaɗan kamar baƙo. Sadiya ta ɗaga mayafinta, idanunta na dariya.

"To Sabon Shiga, yanzu dai na zama matarka, kuma na riga na san komai. Faɗa mini da bakinka, me Ummulkhairi ta zo nema?"

Ya yi murmushi, ya kamo hannunta mai lalle.

"Malamata, wace Ummulkhairi? Ni ban tuna kowa ya zo ba."

Dariya ta ƙwace mata, hawaye na bin ta. A ranar ta tabbata duk abin da ta ajiye a ƙirjin mutumin nan, nan zai kwana, nan zai tashi.

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya mai riƙon amana, Ya ƙara wa Ummulkhairi lafiya, Ya rufa mana asiri baki ɗaya.