Tumatir Mai Hula

A wani gari na bakin fadama, an yi wata mata da mijinta ya rasu ya bar mata lambun tumatir. Da shi take ciyar da 'ya'yanta. Sai ciyawa ta taso za ta shaƙe shukar.

Ta kira mai feshi, ya zo da famfonsa a baya. Ta ɗebi toka ta watsa sama, iska ta kwashe. Ta ce, "Ba yau ba."

Ya ce, "Haba Inna, har na haɗa magani."

Ta ce, "Maganinka ya san bambancin ciyawa da tumatir? Ba yau ba."

Maƙwabcinta mai lambun tattasai ya ce, "Bar ta da tokarta, zo ka yi mini." Aka fesa masa cikin iska.

Washegari ta watsa toka, iska ta kwashe. Ta ce, "Ba yau ba."

Ran da tokar ta zubo a ƙafarta, ta ce, "Yau ne." Ta kife kowace shuka da fasasshiyar tukunya, ta sa mai feshi ya rufe hanci, ya sunkuyar da bakin famfo ƙasa.

Maƙwabcin ya kwashe da dariya, ya ce, "Tumatir da hula!"

Ciyawa ta mutu, tumatir ya yi jawur. Tattasai kuwa ya yanƙwane ya bushe.

Da maƙwabcin ya sake shuka, ya zo yana sosa ƙeya. "Inna, a ara mini hulunan nan."

Ta ce, "Ba kyauta ba. Ka yi mini ban-ruwa har girbi, in haɗa maka da toka."

Ya ɗauki guga.