Hannuwan Ɗan Karofi

Ranar da Mikail ya fara ganin Zinariya, bakinsa ne ya fara jawo masa. Ɗan shago gare shi a Zaitawa, inda yake tura wa mutane finafinai a waya. Da hantsi wata budurwa mai mayafi ruwan toka ta miƙo wayarta, ta ce a saka mata sabon fim ɗin Ɗan Karofi.

Ai kuwa ta fama masa miki. Ɗan Karofi jarumin wasu ƙananan littattafan zane ne da ake sayarwa a bakin kasuwar Kurmi tun Mikail yana firamare, wani marini da yake naɗa rawanin shuni ya rufe fuska, ya bi saman katangu yana ceton wanda aka zalunta. Mikail yana da su kaf a akwatin ƙarfe, duk gidansu ba mai taɓawa.

Nan take ya buɗe baki. Ya ce kada ta cika wayarta da shirme. Sun sa mutumin yana tashi sama kamar shirwa, wuta na fita daga idonsa, kayan da suka saka masa kuwa, wanda ya ɗinka ya je ya nemi gafarar Allah.

Ta bar shi ya kai aya, sannan ta yi murmushi.

"To, zan nema. Ni na ɗinka. Littafin kuma Babana ne ya zana."

Bawan Allah ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma duk da kunyar, sai da ya san yadda ya yi ya karɓi lambarta. Bayan La'asar ya tura mata saƙo:

"Salamu alaikum Malama. Mai shagon nan ne mai dogon baki. Na janye maganar ɗinki. Sauran kam ina nan a kan bakana."

Ba ta daɗe ba ta amsa:

"Wa alaikas salam, Alƙali. Ɗinkin ma kada ka janye, yadin da suka ba ni ne na banza. Amma ka dinga tauna magana."

Shi ke nan, suna ya bi shi. Ita ta ce Alƙalina, shi ya ce Telata. Duk Alhamis da yamma yana ƙofar gidansu a Ƙofar Mata, su yi ta musu a kan ko tsohon masoyin littafi yana taɓa gamsuwa da fim. Ita ta ce ba ya gamsuwa, ko da jarumin ne da kansa ya fito daga takarda. Shi ya ce a bar masa halin mutumin kawai, sauran ya yafe. Kafin damina ta wuce, so ya yi musu kamun kazar kuku.

To, ashe Hashim, wanda ya fito a jarumin fim ɗin, shi ma yana son Zinariya. Ya tono wata tsohuwar magana da Mikail ya naɗa ya saka a intanet, ya yanke kai da gindi, ya kunna wa Malam Ilu, mahaifin Zinariya. Abin da tsohon ya ji kawai shi ne: "Wannan Ɗan Karofin abin kunya ne." Da magabatan Mikail suka je neman aure, aka ce su koma da goronsu. Malam ya ce wanda ya raina aikin rayuwarsa ba zai ba shi 'yarsa ba.

Mikail ya ce ai da sauƙi, zai je ya bayyana cewa fim yake nufi, ba littafi ba. A nan ne Zinariya ta fashe da kuka ta gaya masa abin da ta ɓoye. Yanar ido ta rufe wa Malam gani shekara uku ke nan. Ranar da aka fara haska fim ɗin, ita ta zauna kusa da shi tana raɗa masa cewa komai yana nan yadda ya zana. Ya yi ta gyaɗa kai yana murna, duk gidan kuma suka tsaya a kan haka.

Da ƙyar ta shawo kan mahaifinta ya yarda ya gana da saurayin. A safiyar ranar ta turo saƙo:

"Alƙalina, don Allah yau ka ajiye alƙalancin. Ka ce fim ya yi kyau, ka ba shi haƙuri. Ba na son zuciyarsa ta karye, kuma ba na son in rasa ka."

Ya amsa: "Telata, zan yi iya yina. Ki yi mana addu'a."

Ya tarar da Malam Ilu a zaure a kan buzu. Ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon bai yi wani kwana-kwana ba.

"An ce ka haddace littattafaina. Tsakaninka da Allah, fim ɗin nan kamar su yake?"

Mikail ya shirya ƙaryarsa tsaf tun daga gida, amma da aka ambaci Allah sai ta maƙale. Ya sunkuyar da kai, ya ji aurensa yana zame masa.

"Baba, ba kamar su yake ba. Tashi sama da wutar ma duk zan iya haƙura. Safar hannun da suka saka masa ce ta ƙona mini rai. A littafinka hannunsa a buɗe yake, duk ya rine shuɗi da baban rini. Kowa a unguwar ya san marinin nan ne, har mai kokon da yake saye a wurinta. Amma ba wanda ya taɓa nuna ya gane shi, don kada a kunyata mai alheri. Kara suke yi masa. Ni abin da ya sa nake son littafin ke nan. Su kuwa a ƙarshe har rawanin suka sa ya cire ana tafi."

Can sai kafaɗun tsohon suka fara rawa. Mikail ya zaci kuka ne, ashe dariya ce.

"Yaro, idona ne ya tafi, kunnena yana nan. Bam nawa na ji ya tashi a fim ɗin? Ni ko ashana ban taɓa zanawa ba. Na ga yarinyar nan tana ta fama kada in ji ciwo, ni ma na yi mata kara."

Ya share hawayen dariya da bakin rigarsa. Ya ce wata bakwai yana jiran wanda zai tuna da hannuwan nan, har ya fara zaton shi kaɗai ya san abin da ya zana. Ya tambayi maganar da aka kunna masa, Mikail ya kunna ta cikakkiya. Malam ya girgiza kai, ya ce Allah ya shirya Hashim, ya ce a turo magabata ranar Asabar, kuma goron nan dai kada a sake shi.

Ba a daɗe ba, wata rana bayan sallar Juma'a aka ɗaura aure. Marinan Ƙofar Mata suka zo da kyautar turmin yadi mai shuni na gaske, suna tsokanar ango wai ya duba da kyau kada ya ce bai yi daidai da littafi ba.

Da za a tafi da amarya, aka kai ta gaban mahaifinta. Har lokacin ba ta san abin da aka tattauna a zaure ba, don angon ya ce mata haƙuri kawai ya bayar. Malam Ilu ya laluba ya kamo hannuwanta masu lalle ya riƙe.

"Zinariya, hannun nan naki ya iya ɗinki. Bakinki ne bai iya ƙarya ba, don duk sanda kika ce mini komai daidai, muryarki rawa take yi. Yadda kika ji tausayina, Allah ya ba ki masu jin tausayinki. Allah ya yi muku albarka."

Ta kifa kanta a gwiwarsa tana kuka tana dariya, mata suka amsa da amin, guɗa ta cika gidan.