'Yar Tsanar da Aka Ɗauko Daga Lagdo

Magariba ta kawo jiki a unguwar Yelwa ta birnin Garoua, amma zafin yini bai saki bangon gidaje ba. Ummuhani tana zaune a baranda gaban keken ɗinkinta, tana ƙarasa wata riga da ba ta fi tsawon yatsa ba. 'Yarta Hibatullahi, wadda ake kira Hiba, tana tsakar gida tana wanke shinkafa. Ladan ya gyara murya kenan sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗaki, ya gangaro a hankali, ya tsaya dab da ƙafar yarinyar.

"Yaran unguwar nan ba sa ji," in ji Ummuhani, ba ta ko ɗaga kai ba.

Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo baya. Hiba ta ɗauki guda ta kawo wa uwarta. Tsakuwa ce mai santsi, irin ta bakin kogi, jiƙe sharkaf, da gansakuka a jikinta. A lokacin kuwa rabon garin da ruwan sama an manta. Ummuhani ta kai ta hanci, ta ji ƙarnin kifi. Ta ajiye ta, amma ba ta koma kan keken ba.

Ummuhani tela ce, amma abin da aka fi saninta da shi a unguwa shi ne 'yan tsana. Na roba ne, masu dogon gashi, waɗanda gwiwarsu da wuyansu da gwiwar hannunsu ke lanƙwasuwa kamar na mutum. A dilar gwanjo take tsinto su a babbar kasuwa, wasu tsirara, wasu da gashi a dunƙule. Sai ta wanke su, ta yi musu kitso da allura, ta ɗinka musu atamfa da leshi da lafaya daga ƙyallayen da suka rage, ta jera su a kabad mai gilashi a falo. Mijinta Abdulhalim, dillalin shanu ne, bai taɓa son su ba. Yakan ce gidan da aka cika da siffofi mala'iku ba sa shiga. Ita kuma takan ce samfurin ɗinki ne, mata na zuwa su nuna wanda suke so. Gaskiya ta faɗa, amma ba duka ba.

A Lagdo ta tashi, a bakin babban tafkin garin, inda mahaifiyarta ke bandar kifi. 'Yan tsanarta na fari na karan dawa ne da ƙashin ƙafar akuya, gashinsu na gemun masara. Daga baya ta sami guda ta roba mai gaɓoɓi, kuma babu abin da ta so a yarinta kamar ta. Ta goya ta, ta yi mata wanka a gwangwanin tumatir, ta kwana da ita a ƙirji. Wata rana aka wayi gari babu ita. Ta yi kuka har ta yi zazzaɓi, uwar ta ce ruwa ne ya tafi da ita. Tun daga nan, duk 'yar tsanar da Ummuhani ta saya, waccan take nema.

Da mahaifiyar ta rasu, aka je rabon kayan ɗaki, sai ga ta a ƙasan akwati, an naɗe ta da tsumma an ɗaure tamau da zaren komar kamun kifi. Ummuhani ta sa almakashi ta yanke zaren. Fentin ido ɗaya ya goge, gashin ya yi ja, amma ita ce. Ta kawo ta Garoua, ta ba ta wuri a tsakiyar kabad. Rigar da take ɗinkawa a magaribar da aka fara jifa, tata ce.

Jifan bai tsaya ba. Kullum rana ta faɗi sai duwatsu su soma sauka, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Abdulhalim ya hau kan rufi da tocila, ya zaga bayan gida da sanda, bai ga ko kyanwa ba. Maƙwabciyarsu Madam Florentine ta leƙo ta katanga ta ce nata kwanon ko tsinke bai taɓa shi ba. Da aka miƙa mata tsakuwa ɗaya ta ji sanyinta, sai ta sake ta, ta koma ɗaki ta rufe ƙofa.

Sannan 'yan tsanar suka fara sauya zama. Kabad ɗin a kulle yake, makullin na ɗaure a bakin zanen Ummuhani. Duk da haka wata safiya ta tarar da su duka a durƙushe, kawunansu sun juya wajen ƙofar ɗakin Hiba. Ta gyara su, ba ta gaya wa mijinta ba. Da tsakar rana kuma, lokacin da zafi ke kwantar da unguwa har tsuntsu ba ya kuka, sai ta riƙa jin wata 'yar murya a falo, siririya, tana magana ƙasa-ƙasa kamar yadda yara ke yi idan wasa ya yi daɗi. In ta leƙa, shiru. Sai danshi a kan siminti, da sawun ƙananan ƙafafu suna bushewa a kan idonta.

Hiba yarinya ce mai surutu, wadda in ta dawo daga lekol, wato makaranta, sai an ce ta yi shiru a ci abinci. Sai ta rage magana, ta rage ci. Wata yamma uwar ta ɗaga mata hannu don ta sa mata riga, da ta saki, hannun bai sauko ba. Ya tsaya a sama, a lanƙwashe, yadda aka bar shi. Ta karkata mata kai, kan ya tsaya a karkace. Idanun a buɗe, ba ƙiftawa.

"Hiba. Hibatullahi! Ki bar wasan nan, ba na so."

Yarinyar ta juyo da wuya kaɗai, kafaɗunta ba su motsa ba.

"Hani," ta ce, da muryar da ba tata ba. "Kin yi tsawo."

Ummuhani ta ja da baya har ta bugi bango. Babu mai kiranta Hani a Garoua. Ko a Lagdo ma mutum ɗaya ne.

Washegari da safe aka kai Hiba asibiti, aka ɗebi jini, aka ce ba a ga komai ba. A ranar Abdulhalim bai je kasuwar shanu ba. Ya hau babur ya nufi gidan Modibbo Zulkifilu, wani tsohon malami mai karantar da manya a zaurensa, wanda ba ya son a kira shi mai magani.

Bayan la'asar Modibbo ya iso. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama sau uku, ko da yake an amsa masa tun ta farko. Ya dubi kabad ɗin ya daɗe. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka zaunar da Hiba, uwarta ta riƙe ta ta baya, aka ajiye ƙwaryar ruwa da ganyen magarya a gabansa. Ya soma karatu da murya ƙasa-ƙasa.

Inuwar dalbejiya ta miƙe ta rufe tsakar gidan. Kaji suka shige akurki tun lokacinsu bai yi ba. Jikin yarinyar ya yi sanyi a hannun uwarta, ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo, ruwa ya soma ɗiga daga kitsonta. Da Modibbo ya yayyafa mata ruwan ƙwarya, sai ta ƙwalla ƙara, irin ta ƙaramin yaron da aka taka wa ƙafa.

"Ya isa! Tsoho, ya isa, kana ƙona ni!"

"Wace ce ke?" in ji Modibbo.

"Tambayi Hani. Ta san ni."

Ummuhani ta rufe ido, abin ya dawo mata. A bayan rumfunan banda akwai wani dutse da ruwa ke lasa. Nan wata yarinya ke jiranta kullum da yamma, baƙa, mai jiƙaƙƙen gashi, wadda ba ta taɓa faɗin gidansu ba. Ta ɗauka 'yar masunta ce. Ita ce ta miƙo mata 'yar tsanar roba wata rana, tana ɗigar ruwa. Sai yanzu ta tuna cewa ba ta taɓa ganin yarinyar ta zo ta hanyar tudu ba.

"Allah ya gafarta Modibbo," ta ce, "tare muka yi wasa. Ban san ba mutum ba ce."

"A ƙasan ruwa na tsinto 'yar tsanar," in ji muryar. "Kwalekwale ne ya kife, mai ita ba ta ƙara nemanta ba. Aro na ba Hani don mu yi wasa. Sai tsohuwa, uwar Hani, ta gan mu, ta ɗaure 'yar tsanar da zare, ta ɗaure ni tare da ita. Duhu, duhu, duhu. Da aka kwance ni na ga Hani ta zama tsohuwa ita ma. Ba ta zama a ƙasa. Ba ta ji in na kira ta."

"Me kike so a gidan nan?"

"Wannan." Hannun Hiba ya ɗaga, ya dafa ƙirjinta. "Daidai ni take. Gaɓoɓinta sun fi na roba laushi. Zan tafi da ita ruwa, ba za ta yi tsawo ba har abada."

Abdulhalim ya yunƙura zai tashi, Modibbo ya ɗaga masa hannu.

"Wannan 'yar mutane ce, baiwar Allah ce. Ba taki ba ce, ba kuma za ta zama taki ba."

"To a ba ni waɗanda ke cikin gilashi, dukansu. A yanka mini farin zakara a bakin ruwa."

"Ba a yanka wa kowa sai Allah. Ko gashin zakara ba za ki samu ba." Ya tsoma hannu a ƙwarya. "Abin da yake naki kaɗai za a mayar miki, don aro ne, aro kuwa mayarwa ake yi. Ki fita, ko in ci gaba."

Ya ci gaba. Duwatsu suka sauko kan kwano gaba ɗaya kamar ƙanƙara. A falo gilashin kabad ya tsage daga sama har ƙasa. Hiba ta sandare, ta banƙare, sai da uwar ta sa duk ƙarfinta. Can ƙarar ta koma kuka, kukan yarinya mai shessheƙa, wanda ya fi ƙarar ban tsoro.

"Zan fita. Na rantse da wanda ya halicce ni da ku. Amma Hani ce za ta kawo mini 'yar tsanata da hannunta." Wuyan ya juya baya, fiye da yadda wuya ke juyawa, idanun suka sami na Ummuhani. "Hani, ba za ki zauna ko kaɗan ba? Ko kitso ɗaya?"

Ummuhani ta dubi Modibbo. Ya girgiza kai.

"Na girma," ta ce, hawaye na zuba. "Ki sakar mini 'yata."

Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki, ta zube a cinyar uwarta. Ɗumi ya dawo mata a hankali. Da ta buɗe ido ta ce, "Mama, me ya jiƙa mini kai?"

Washegari da hantsi Ummuhani da mijinta suka sauka a Lagdo. Abdulhalim ya tsaya a gaɓa yana jan carbi, ita kuma ta shiga kwalekwalen wani dattijon masunci mai suna Hamidu, wanda ya san mahaifiyarta. Ya tuƙa ta har bayan dutsen, inda ruwa ya yi baƙi. Ta ciro 'yar tsanar daga jaka, ta yi bisimilla, ta ɗora ta a kan ruwa, ta juya baya kamar yadda Modibbo ya umarce ta, ta kafa ido a gaɓa.

Hamidu ne ya waiga. Ta ji numfashinsa ya tsaya, sannan ta ji yana salati, filafilinsa na dukan ruwa da sauri irin na saurayi. Bai sassauta ba sai da kwalekwalen ya daki yashi.

"Baba Hamidu, me ka gani?"

Tsohon ya ja jirginsa tudu, ya kife shi, ya ɗora masa dutse.

"'Yar nan, ina da jikoki mata, ba na so abin da ya karɓi 'yar tsanar nan ya bi ni gida," ya ce. "Ki hau mota ki koma gidanki. Ni dai yau na gama shiga ruwa."